Kada Ki Yi Gaggawar Haɗa 'Yar Akuya da Bunsuru

Da yawanmu in muka ɗauki rance a asusun ƙungiya, 'yar akuya muke saya a kasuwar Mai'aduwa ko ta Daura. To, ki lura: takan fara neman bunsuru tun tana wata 5 ko 6, alhali jikinta bai ƙosa ba. In ta ɗauki ciki a lokacin, tana iya tsumburewa, ko ta yi ɓari, ko haihuwar ta zo da gardama. In ta mutu, jari ya tafi, bashi kuma yana nan.

Ki tsare ta har ta kai wata 9 ko 10, kina ba ta harawa da dusa. Alamun neman barbara su ne yawan kuka, kaɗa wutsiya da kumburin gabanta. Abin yakan yi kwana 1 ko 2. In ya wuce ki, zai dawo bayan kamar kwana 21.

Cikin akuya wata 5 ne. Ke nan 'yar wata 6 da kika saya yau, sai bayan wata 9 za ta haihu. Ki tanadi wata hanyar biyan rancen kafin nan.