Ɗanyen Ganye Da Macijin Ciki

Da sanyi ya shigo, kayan lambu sukan cika kasuwa. In ka bi ta Unguwa Uku ko Tarauni da hantsi, za ka ga latas da kabeji da karas jibge, sun sha yayyafi, sai sheƙi suke yi. Mai shinkafa da wake ta yanka a kan abinci, mai kwaɗo ta haɗa da ƙuli-ƙuli. Abinci ne mai gina jiki, ba mu ce a bar cinsa ba. Amma ku sani, ɗanyen ganye yakan ɗauko ƙwan macijin ciki, ido kuwa ba ya ganinsa.

Macijin ciki tsutsa ce fara, tana zama cikin hanjin mutum. Tsawonta yakan kai inci 12, har ya fi. Mace ɗaya takan yi ƙwai kamar 200,000 a rana guda. Ƙwan ƙanana ne ainun, in an jera 20 ba za su kai ƙwayar gero ba. Sai da madubin likita ake ganinsu.

To, ƙaƙa ƙwan yake zuwa kan latas? Yana fita ne tare da bayan gida. In mai tsutsa ya tsuguna a fili ko a bakin rafi, ruwa ya kwashe ƙazantar ya kai lambu. Cikin mako biyu ko uku ƙwan ya nuna, yana kuwa iya shekaru a ƙasa mai laima bai mutu ba. Ku dubi kogin Jakara. Yana ratsa birnin Kano yana kwasar ruwan kwata, ya gamu da rafin Getsi. Da rani masu lambu na gefensa da wannan ruwa suke ban ruwa, gama shi suke da shi. Latas kuwa a ƙasa yake kwance, ganyensa duk lungu ne. Har wa yau a kasuwa akan yayyafa masa ruwan bokiti ɗaya tun safe har yamma, ƙuda ya sauka, hannu da yawa su taɓa.

In mutum ya haɗiye ƙwan, sai ya ƙyanƙyashe a hanji. 'Yar tsutsar ta bi jini ta je hanta, ta wuce huhu. Mutum ya yi tari, ya sake haɗiye ta bai sani ba. Bayan wata biyu ko uku ta girma, ita ma ta fara ƙwai. Abin da yaro ya ci, ita ke raba shi da shi. Sai ka ga yaro yana ci yana ramewa, ciki ya kumbura, ba ya gane karatu. In sun yi yawa sukan cure su toshe hanji, har a kai ga yin aiki a asibiti. Ta wannan hanya kuma ƙwayar atini take shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2023 mutum kamar miliyan 1,500 suna ɗauke da tsutsar da ake samu daga ƙasa, watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Waɗansu sukan ce, ai mun jiƙa da gishiri. Gishiri ba ya kashe wannan ƙwai, gama ɓawonsa yana da kauri. Wuta ce ke kashe shi. Abin da ba za a dafa ba, sai a fid da ƙwan da wanki. Ga yadda za a yi:

1. Ku wanke hannu da sabulu tukuna.
2. Ku zubar da ganyen waje, ku raba sauran ɗai ɗai.
3. Ku cuɗa kowane ganye, wani yana zuba muku ruwa mai tsabta, irin wanda za ku iya sha.
4. In a kwano kuka wanke, ku sake ruwa sau uku. Ku tsame ganyen daga sama, domin ƙwan ƙasa yake kwanta.
5. Karas da kokwamba a feƙe su.
6. Ku rufe abinci saboda ƙuda.

Kowane gida kuma ya haƙa masai, a hana yara tsugunawa a fili. Nan ne tushen abin.

In kun ga tsutsa a bayan gidan yaro, kada ku ɓoye, ba abin kunya ba ne. Ku kai shi asibitin da ke kusa da ku. Akwai magani mai araha, sunansa albendazole, malamin asibiti zai faɗi yadda za a sha. In ciki ya ɗaure, yaro yana amai, a gaggauta zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa uwargida, da mai tuwon da yake saye wurinta.

Tambayoyi

1. Ina macijin ciki yake zama?
2. Don me gishiri ba ya kashe ƙwansa?
3. Sau nawa za a sake ruwan wanki?