Zazzaɓin da Ke Tafiya Yana Dawowa

A wajenmu da zarar jiki ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a garzaya kemis. To amma akwai wani zazzaɓi da kaska ke kawowa, wanda ya ƙware wajen ɓad da kama. Ƙwayar bakteriya mai suna Borrelia crocidurae ce sanadinsa, kuma an tabbatar da shi a ƙauyukan Senegal da Mali da Muritaniya. Kaskar da ke ɗauke da ita ba irin wadda ke maƙale wa shanu ba ce. Mai laushin jiki ce, tana zaune a ramukan ɓeraye cikin ɗakunan ƙasa. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin 'yan mintuna ba tare da an ji cizonta ba, ta koma raminta. Don haka mai cewa bai ga kaska a jikinsa ba, bai kawo hujja ba.

Wani zai ce ai ya sha maganin maleriya kuma zazzaɓin ya sauka. Nan ne ruɗin yake. Wannan ciwo kan yi kamar kwana uku da zafin jiki, ciwon kai da makyarkyata, sai ya lafa da kansa na kusan mako guda, sannan ya dawo, domin ƙwayar tana sauya kamanninta ta kuɓuce wa garkuwar jiki. Da an sha magani da ba a sha ba, zai sauka. Gwajin maleriya na gaggawa kuwa ba ya ganin wannan ƙwayar. Sai an shimfiɗa jini a gilashi an duba da madubin likita, kuma dole a ɗebi jinin lokacin da jiki ke da zafi, don a kwanakin sauƙi ƙwayoyin kan yi ƙaranci. Likita zai kuma bambance shi da ɗan'uwansa da ƙwarƙwata ke yaɗawa, wanda aka fi sani a Habasha da Sudan.

Maganinsa ba mai tsada ba ne, irin su doxycycline, amma saye a kemis kasada ce: kashin farko na iya tayar da zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar jini, mai juna biyu kuma ciwon na iya jawo mata ɓari. Duk wanda zazzaɓi ya dawo masa sau biyu, gwajin maleriya kuma bai nuna komai ba, ya koma asibiti ranar da jikin ke da zafi, ya faɗa wa likita ranakun da ya tashi da waɗanda ya sauka.