Littafin da Ake Ɓoyewa a Ƙarƙashin Filo

A shekarar 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya da aka ƙwace a hannun 'yan mata 'yan makaranta a Kano, aka cinna musu wuta a gaban Gwamna Ibrahim Shekarau. Laifinsu, in ji mahukunta, ɓata tarbiyya. Wasu kam akwai batsa a cikinsu, ba na musun haka. Amma ina ganin abin da ya fi tsone wa manya ido shi ne yarinyar da ke cikin labarin, wadda ake ce mata "ga mijinki" ta ce ba ta so.

Wannan yarinya ba daga sama ta faɗo ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban 'yan mata masu iya karatun boko. Da suka taso, tattalin arziki ya karye, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya ja baya, sai marubuta suka koma buga littafi da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa. Babu edita, babu mai tacewa. Ta wannan kafa mata suka sami bakin magana. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tun tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Auren dole, sakin wulaƙanci, mijin da ya yi amarya ya manta da uwargida: zantukan da a da sai a ɗaka, cikin raɗa, suka fito kasuwa.

Kuma ai mun saba da irin wannan bijirewa tun muna yara. Gizo yana yi wa Zaki da Kura wayo, kaka na ba mu labari muna dariya, ba wanda ya ce tawaye ne. Bambancin kawai, a littafin soyayya wanda ake bijire wa uba ne ko miji.

Me ƙonawar ta haifar? Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta matsa wa marubuta su yi rajista, wasu suka tsorata suka sassauta alƙalami. Masu karatu kuwa ba su ragu ba. Da waya ta yawaita, labaran suka koma WhatsApp da Wattpad, shafi-shafi, ana biya ta banki. A can batsar da aka yi tsoro ta fi ƙamari nesa ba kusa ba, kuma uwar da a da kan ɗaga filo ta ga littafi, yau ba ta san lambar buɗe wayar 'yarta ba.