Me ya rage kafin ɗan Adam ya kafa gari a duniyar Mars?

A watan Disamban 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta domin tsara ayyukan binciken Wata da Mars. Masana na ganin Mars ce duniyar da ta fi dacewa da zaman mutane, domin tsawon yininta ya zarce namu da kimanin minti 40 kacal, kuma akwai ƙanƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙasarta.

Isa can kan ɗauki wata shida zuwa tara, kuma damar tashi ba ta zuwa sai bayan kowane wata 26. Wannan ma shi ne mai sauƙin.

Manomi a Bangi, hedikwatar ƙaramar hukumar Mariga a masarautar Kontagora, kan shuka dawa idan damina ta sauka, ba tare da ya biya kuɗin iska ko ruwan sama ba. A Mars duk sai an ƙera su. Kimanin kashi 95 cikin 100 na iskarta kabon dayokzayid ne, matsakaicin sanyinta kuwa ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Ƙasar ma ba ta noma ba ce: a 2008 na'urar Phoenix ta gano gishirin faklorat a cikinta, mai illa ga maƙogwaron ɗan Adam, wanda sai an wanke shi kafin a yi shuka.

An gwada samar da iskar shaƙa a can. Tsakanin 2021 da 2023, na'urar MOXIE da ke jikin motar bincike ta Perseverance ta tace giram 122 na oksijin. Nasara ce babba, amma ba za ta ishi mutum ɗaya sa'a huɗu ba.

Gwajin da ya fi jan hankali a nan duniya aka yi shi. A 1991 mutum takwas suka shiga wani rufaffen gini mai suna Biosphere 2 a jihar Arizona, da niyyar ciyar da kansu tsawon shekara biyu. Abinci ya yi musu ƙaranci, oksijin ya sauka daga kashi 21 zuwa kimanin 14, har sai da aka ɗura musu wani daga waje. Su ceto yana bakin ƙofarsu. Mazauna Mars kuwa, saƙon neman agaji kaɗai zai iya ɗaukar minti 22 kafin ya iso Duniya.