Firij ɗin Tafiye-tafiye: Wuta Nawa Yake Ci a Kan Sola da Batir?

Masu kwana a daji a Ostareliya sun daɗe da sanin ƙaramin firij mai aiki da bolt 12, irin na Engel da Dometic, wanda ake ɗorawa a bayan mota. Da sola ta yawaita a wajenmu, direbobin doguwar hanya da masu sayar da zoɓo sun fara kai masa ido, jita-jita kuma ta biyo baya.

Wadda ta fi yawo ita ce wai dare ɗaya yake tsotse batir ƙaf. Masu wannan magana suna ganin wat 45 a jikin firij, su ninka da awa 24, su sami sama da wat-awa 1,000, sai hankalinsu ya tashi. Kuskuren yana nan: kwamfireso ba ya aiki ba tsayawa. Idan sanyi ya kai inda aka saita, sai ya huta. A yanayi mai sauƙi, firij mai lita 40 yana aiki kamar kashi ɗaya cikin uku na lokaci, wato wajen wat-awa 360 a kwana. Batir mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a ci, in ba haka ba zai mutu da wuri. Na litiyam ana iya cin mafi yawansa. To, dare ɗaya ba ya kashe batir mai lafiya. Na tayar da mota dai wani abu ne daban, domin ba a ƙera shi don irin wannan jan ba, shi ya sa firij masu kyau suke yanke wuta da kansu idan batir ya yi ƙasa.

Sai dai zafi yana sauya lissafin. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwamfireso zai iya yin aiki rabin lokaci ko fiye. Wanda ya bar firij ɗinsa cikin mota a rufe a rana, shi ya jawo wa kansa.

Cewa firiza da firij cinsu ɗaya, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Riƙe kaya a digiri 18 ƙasa da sifili yana iya ninka cin wutar da ake yi a digiri 4.

Akwai kuma akwatin sanyi mai araha da ake sayarwa da sunan firij, alhali ba shi da kwamfireso, faranti ne na Peltier da fanka. Shi kam zargin tsotse batir ya same shi: yana jan amfiya 4 zuwa 5 ba hutu, kuma iyakarsa ya rage zafin waje da digiri 15 zuwa 20. A ranar digiri 40, ruwan ciki ba zai wuce na randa ba.

Batun cewa faifan sola mai wat 100 ya wadatar, da gaskiya a ciki amma da sharaɗi. A rana mai kyau yana ba da wat-awa 400 zuwa 500, abin da zai riƙe firij a yanayi mai sauƙi amma ba firiza ba. Ƙurar hunturu tana rage wannan, kuma dole a sami batir na dare. Game da kayan da ake zubawa kuwa, cika firij da su ba ya ƙara cin wuta da zarar sun yi sanyi. Jarkar zoɓo mai ɗumi da aka zuba da yamma ita ce ke sa kwamfireso ya kwana yana aiki.