Manyan da ke kashe ɗaruruwan daloli kan kayan wasan yara

A shekarar 2019 kamfanin Hasbro na Amurka ya yi wa masu sayen kayansa wani tayi: zai ƙera wani mutum-mutumi na roba mai suna Unicron, amma sai an samu mutane 8,000 da suka amince su biya dala 575 kowannensu tun kafin a soma aikin.

An kuwa samu mutanen bayan da aka ƙara wa'adi, kuma sai a shekarar 2021 kayan suka isa hannunsu.

Unicron dai ɗaya ne daga cikin jerin kayan wasan da ake kira Transformers, watau mutum-mutumin da ake lanƙwasa gaɓoɓinsa har ya rikiɗe ya koma mota ko jirgin sama. Shi wannan yakan dunƙule ne ya koma duniya guda, kuma tsayinsa ya haura inci 27.

Babu yaron da zai iya biyan irin wannan kuɗi. Masu sayen magidanta ne, kuma da yawansu sun haura shekara 40.

Daga Japan zuwa Amurka

Asalin kayan daga Japan suke. Kamfanin Takara ne ya fara ƙera su da sunayen Diaclone da Micro Change, kafin wakilan Hasbro su gan su a bikin baje kolin kayan wasa na birnin Tokyo a 1983.

Abin da Hasbro ya ƙara musu shi ne labari. Ya ɗauki marubutan kamfanin Marvel suka raɗa wa kowanne suna, suka ba shi hali, suka kuma raba su gida biyu masu gaba da juna: ɓangaren Optimus Prime, wanda ke komawa babbar mota, da na Megatron, wanda ke komawa bindiga.

A 1984 aka fito da su kasuwa tare da wani shirin zane na talabijin, a daidai lokacin da gwamnatin Shugaba Ronald Reagan ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara. Shirin kansa talla ne, domin duk wanda yaro ya gani a talabijin zai tarar da shi a kanti.

Ƙarfin wannan dabara ya fito fili a 1986, lokacin da aka kashe Optimus Prime a cikin wani fim domin a buɗe wa sababbin kaya kasuwa. Yara sun yi ta kuka a gidajen sinima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, har ta kai aka dawo da shi da rai a 1987.

Yaran jiya, masu albashin yau

Waɗannan yara su ne suka girma suka kama aiki, kamfanonin kuma suka bi su.

A 1994 aka fara taron shekara-shekara na masu tara kayan, mai suna BotCon, a jihar Indiana. A 2003 Takara ya soma fitar da samfurin Masterpiece, wanda aka ƙera domin manya, mai tsada da wuyar sarrafawa. Fim ɗin da Michael Bay ya shirya a 2007 kuwa ya samar da sama da dala miliyan 700.

Kamfanin NPD mai nazarin kasuwa ya ce a 2022 masu shekara 12 zuwa sama da ke saya wa kansu kayan wasa su ne ke da kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin da ake yi a Amurka, watau kimanin dala biliyan 9 a shekara.

Jari ko almubazzaranci?

Tambayar da takan taso a cikin gida ita ce ta hujja, musamman idan kwalaye suka cika ɗaki ga kuma bashin banki a wuya.

Masu tara kayan kan ce kowa da abin da yake kashe wa kuɗi, wani tikitin kallon ƙwallo, wani gyaran mota, kuma nasu akalla yana nan a ajiye ana ganinsa. Wasu sukan ware wani kaso daga albashi, ko su sayar da tsohon kaya kafin su sayi sabo.

Hujjar da aka fi ji ita ce wai jari ne. A nan ne kuma maganar ta fi rauni.

Gaskiya ne Optimus Prime na 1984, wanda aka sayar kan kimanin dala 20, yakan kai dubban daloli a wajen gwanjo idan ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Sai dai tsadar tasa ta samo asali ne daga ƙarancinsa, domin yaran wancan zamani sun yage kwalayen sun yi wasa da abin da ke ciki har ya karye.

Na yanzu kuwa dubban manya ne ke saye suna adanawa, ga shi kamfanonin kan sake ƙera duk wanda ya yi farin jini, lamarin da kan karya farashin tsohon.

Ita kanta robar ba ta da tabbas. Fara takan koma rawaya idan ta daɗe tana shan haske. Akwai kuma wata roba mai launin zinariya da aka yi amfani da ita a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, wadda ke rugurgujewa da kanta ko da ba a taɓa ta ba.

Mai son kare darajar kayansa yakan aika da shi ga wasu kamfanoni da ke tantance ingancinsa su rufe shi cikin akwati mai kama da gilashi. Daga ranar kuwa ba zai sake lanƙwasa shi ya koma mota ba, alhali domin hakan aka ƙera shi.