Gumin Ɗan Ƙwadago: Aikin Lauya da Hukuncin Shari'a a Gaɓar Tafkin Kainji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya sauka bakin ruwan Warra da sanyin safiya zai ga yadda bayin Allah ke neman halali da ƙarfin jikinsu. Ga 'yan dako suna sauke buhuna daga jirgi, ga yaran masunta suna gyaran taru, ga mata suna bandar kifi. Idan ka hau tudu, ga 'yan ƙwadago a gonakin shinkafa da albasa, ga matasa a ramukan haƙar zinare na ƙasar Yawuri da Ngaski. Da yawa daga cikinsu aikin wani suke yi, kuma da wuya ka samu wanda ke riƙe da takardar da ta faɗi nawa za a biya shi da kuma yaushe.

Muddin ana shiri, babu mai tuna takarda. Ranar da aka hana mutum ladansa, ko aka sallame shi ba zato, ko inji ya cinye masa yatsu, ranar ce yake tambayar inda zai kai kukansa. Akwai ƙofa biyu a gabansa: ta malamin da ya san hukuncin ijara, da ta lauyan da ya ƙware a dokar ƙwadago. Ta farko mun saba da ita. Ta biyu kuwa baƙuwa ce a yankinmu, shi ya sa muka ga dacewar gabatar da ita ga iyaye da ɗalibai.

Yadda ake zama lauyan ƙwadago

A Ingila, inda muka gaji tsarin lauyanci, an raba aikin gida biyu: barista mai tsayawa gaban alƙali, da lauyan ofis mai shirya takardu da ba da shawara. A Najeriya mutum ɗaya ke ɗaukar duka biyun. Ɗalibi kan yi shekara biyar yana karatun shari'a a jami'a, kuma jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano suna koyar da dokar ƙasa tare da shari'ar Musulunci. Daga nan sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, wadda kuma take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Idan ya ci jarrabawa sai a rantsar da shi, a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli.

Wannan duka share fage ne. Ƙwarewa a fannin ƙwadago tana zuwa ne daga shekarun da matashin lauya zai yi a ƙarƙashin manya, yana karanta takardun ɗaukar aiki, yana lissafin bashin albashi da kuɗin sallama da fansho, yana zama a teburin sulhu tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu kamfani. Dole ya iya lissafi, domin shari'ar ƙwadago kan ƙare ne a kan adadi. Dole ya iya sauraro, domin ma'aikacin da aka zalunta yakan zo da ɓacin rai, lauya ne zai tsamo hujja daga cikin kukansa. Najeriya ta ga irin waɗannan mutane. Marigayi Gani Fawehinmi, wanda ya rasu a 2009, ya yi suna wajen tsaya wa ma'aikata da ɗalibai da talakawa, sau da yawa ba tare da karɓar ko sisi ba. Marigayi Bamidele Aturu, wanda ya rasu a 2014, ya ƙarar da rayuwarsa yana wakiltar ƙungiyoyin ƙwadago yana kuma rubutu a kan dokokinsu.

Kotun da aka keɓe wa ma'aikata

Filin aikin wannan lauya shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976. Shekaru da dama ana taƙaddama a kan iyakar ikonta, har aka yi wa Tsarin Mulki gyara na uku a 2010, aka sanya sashe na 254C wanda ya ba ta, ita kaɗai, hurumin sauraron ƙararrakin aiki da albashi da fansho da yajin aiki da cin zarafi a wurin aiki. Tun 2019 Mai shari'a Benedict Kanyip ke shugabantarta. Tana da rassa a garuruwa da dama, ciki har da Sakkwato da Kano da Kaduna, tana kuma da cibiyar sulhu ga waɗanda suka fi son a daidaita su ba tare da doguwar shari'a ba.

Wannan gyara ya sauya al'amura. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Turawa ita ce ubangida na iya sallamar ma'aikaci da dalili ko babu dalili, muddin ya ba shi wa'adi. Sabon sashen ya ba kotun damar duba yadda ake yi a sauran ƙasashe da kuma ƙa'idojin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, har ta kai a hukunce-hukunce da dama tana neman ubangida ya faɗi dalilin kora ya kuma tabbatar da shi.

Abin da doka ta tanadar

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta shafi masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Ta wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin da ladansa da lokacin biya da sharuɗɗan rabuwa. Ta ƙayyade wa'adin sallama: kwana ɗaya ga wanda aikinsa bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Wanda ya cika wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Mace mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta.

Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalan wanda ya mutu. Dokar ta nemi ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Mu da ba mu manta da jirgin da ya nutse a watan Mayun 2021 a hanyarsa ta zuwa Warra daga Jihar Neja ba, mun san cewa neman abinci a kan ruwa wasa da rai ne, kuma magidanci ɗaya idan ya tafi, gida guda ne ya shiga halin ni-'yasu.

Inda hannun doka bai kai ba

A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira 70,000, bayan 18,000 na 2011 da 30,000 na 2019. A Kebbi, Gwamna Nasir Idris, wanda shi kansa tsohon shugaban Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Najeriya ne, ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan jiha. Sai dai dokar ta ƙasa ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin lokaci-lokaci irin na noma. Idan muka auna, yaron jirgi da ɗan dako da mai yankan shinkafa da yaron shago duk suna bayan wannan shinge. Ko wanda doka ta ba haƙƙi, tafiya daga Warra ko Shanga zuwa Sakkwato a kan bashin 'yan dubbai na iya cinye bashin kafin a kira ƙara.

A nan ne Musulmi ya kamata ya tsaya ya yi tunani, domin shari'ar Allah ba ta ƙidaya ma'aikata kafin ta wajabta adalci. Mai yaro ɗaya da mai ma'aikata dubu hukuncinsu ɗaya ne.

Ijara a fiƙihunmu

Malamai sun kafa hujjar halascin ijara da ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul Ƙasas. An ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, aka faɗi wa'adi shekara takwas, aka bar cikon goma a matsayin zaɓinsa, dattijon kuma ya tabbatar masa ba ya nufin tsananta masa. Littattafan da muke karantawa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil, sun shardanta a san aiki, a san lada, a san wa'adi. Abin da dokar 1974 ta ce a rubuta cikin wata uku, fiƙihu ya ce a fayyace shi tun kafin a ɗaga fartanya.

Gargaɗin cin haƙƙi kuwa mai tsanani ne. Bukhari ya ruwaito hadisin ƙudsi cewa Allah da kansa zai zama abokin husumar mutum uku ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, aka gama masa aiki, ya hana lada. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. An kuma inganta cewa jan rai da mawadaci ke yi wa mai bin sa bashi zalunci ne. A ɗaya ɓangaren, cikin mutum ukun da dutse ya rufe wa bakin kogo akwai wanda ya yi tawassuli da cewa ya juya ladan wani ma'aikacinsa har ya zama garke, ya kuma miƙa masa duka da ya dawo.

Fiƙihu ya kuma raba ma'aikata biyu. Wanda ka ɗauka yana yi maka aiki kai kaɗai amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ta'adi. Mai sana'ar da ya buɗe shago yana karɓar aikin kowa, kamar tela ko marini, Malikawa sun lamuntar da shi abin da ya ɓata a wurinsa domin kare dukiyar jama'a. Don haka ɗabi'ar yanke wa yaro lada duk lokacin da taru ya yage ko inji ya tsaya, ba tare da an tabbatar da sakacinsa ba, ba ta da madogara.

Akwai wata mas'ala da ta shafi mutanen ruwa kai tsaye, wato ba da jirgi ko dabba ga wani ya yi aiki a raba abin da ya samu. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne wannan ijara ɓatacciya ce, domin ba a san ladan ba. Imamu Ahmad ya halatta, wasu Malikawan baya kuma sun sassauta saboda larura da al'adar mutane. Ko a wurin masu halattawa, wajibi ne a faɗi kason kowa tun farko, a kuma bayyana wanda zai ɗauki kuɗin mai da na gyara.

Amanar da ke wuyan lauya

Wasu iyaye na ƙyamar 'ya'yansu su karanta lauyanci, suna ganin sana'a ce ta mai da ƙarya gaskiya. Amma malaman fiƙihu sun halatta wakilci a wurin shari'a, domin ba kowane mai gaskiya ne ya iya magana gaban alƙali ba. Iyakar da aka gindaya a fili take. A Suratun Nisa'i an hana tsaya wa maha'inta. A hadisin Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin cewa wanda ya fi iya zance zai iya samun hukunci, amma abin da ya karɓa na ɗan'uwansa yankin wuta ne. Lauyan kamfani da ya san bashin albashi gaskiya ne, ya dinga neman ɗage zama har ma'aikaci ya gaji, yana cikin wannan gargaɗi. Haka ma lauyan da ya koya wa ma'aikaci ƙara kwanakin da bai yi ba.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tayar da kimanin mutum 44,000 daga garuruwansu, rayuwar wannan yanki take sauyawa, kuma yanzu manyan gonaki da masu haƙar ma'adinai na ɗaukar matasanmu aiki. Muna buƙatar 'ya'yanmu maza da mata da suka san Risala suka kuma san sashe na 254C, waɗanda za su karanta wa matashi takarda da Hausa kafin ya dangwala hannu, su zauna da sarkin ruwa da limami a yi sulhu kafin magana ta kai Sakkwato.

Kafin mu same su, akwai abin da kowane gida zai iya yi daga yau. Mai ɗaukar aiki ya rubuta aiki da lada da ranar biya, ko da ajami ne a bayan littafin shago, a sa shaidu biyu. Ma'aikaci ya adana takardarsa da saƙonnin banki da ke shigowa wayarsa, kada ya jinkirta neman haƙƙinsa, shi ma kuma ya cika aikin da ya karɓi lada a kansa. Uwargida ta tuna yarinyar da ke yi mata wanke-wanke ma'aikaciya ce. Masu makarantun Islamiyya su tuna malamin da ke karantar da 'ya'yanmu yana da iyali, kuma cewa aikinsa na lada ne bai halatta a riƙe masa albashi ba. Wanda kuma ya san akwai ladan wani a hannunsa, ya nemi mai shi ko magadansa ya biya tun yana da iko.

Allah Ya tsare mu daga cin gumin bayinsa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin neman halali, Ya sanya albarka a sana'o'inmu. Amin.